Hujja Kafin Hukunci: Majalisar Labaran Bincike a Bakin Dajin Rugu

Bayan sallar isha'i akwai wuri biyu da ba sa rabo da jama'a a garuruwan yammacin Katsina: teburin mai shayi da rumfar cajin waya. Haka abin yake a Batsari da Wagini, haka yake a Safana da Runka. Janareta na ta ruri, wayoyi sun yi sahu a kan katako, samari kuwa sun yi wa waya guda ƙawanya, an jingine ta da gwangwanin madara.

Sau da yawa fim ɗin Indiya ne da aka juya zuwa Hausa. Wani lokaci kuma murya ce kawai take karanta littafi. An tsinci gawa a ɗaki, ƙofa a kulle, ɗan sandan ciki ya iso yana dube-dube. Kafin a kai rabin labari gardama ta kaure. Wannan ya kafe a kan direba ne, wancan ya rantse matar gidan ce, wani daga gefe ya tuna musu cewa tun farko an nuna mai gadi yana ɓoye makulli.

Babu mai kiran wannan zama ƙungiyar makaranta littattafai. Amma abin da irin waɗannan ƙungiyoyi suke yi a manyan biranen duniya shi ake yi a nan: a ji labari tare, a tsaya, a auna, kowa ya kawo hujjarsa. Bambancin ɗaya ne, kuma mai nauyi. Idan aka tashi, waɗannan samari suna komawa gidajen da aka san ƙarar bindiga da kiran wayar masu neman kuɗin fansa.

Shi ya sa ya dace a tambaya: mene ne amfanin labarin laifi ga wanda laifi ya riga ya shigo masa gida? Kuma idan yana da amfani, me ya hana wannan majalisa ta samu littattafai da Hausa?

Ƙasar da labari ba ya kai shafin ƙarshe

Batsari da Safana suna cikin ƙananan hukumomi takwas da aka daɗe ana kira na bakin daga a Jihar Katsina, tare da Jibiya da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Ɗandume. Dajin Rugu, wanda ya miƙe har ya haɗe da dazukan Zamfara, shi ne maƙwabcinsu na yamma. Da can makiyaya ce da wurin itace da farauta. Daga baya ya zama maɓoya.

Abin ya faro da satar shanu, ya rikiɗe zuwa garkuwa da mutane da ƙona garuruwa. A watan Fabrairun 2020 aka kashe kimanin mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A watan Afrilun shekarar, hare-haren da aka kai yankunan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma suka ci rayuka kusan 50. A Disamba kuma aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara.

An gwada magani iri-iri. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi sulhu a 2019, ya wargaje. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, aka yi watanni babu sabis. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma mai matasa kimanin 1,500. A 2025 kuma al'ummomin Batsari da Safana da wasu maƙwabtansu suka zauna sasanci da shugabannin 'yan bindiga, ra'ayi ya rabu a kai har yau.

A duk tsawon wannan lokaci akwai abin da mutanen yankin suka fi rasa bayan rai da dukiya, wato amsa. Wa ya nuna gidan? Wa ya kai musu mai da burodi? Wa ya san ranar da aka sayar da amfanin gona? A littafi, shafin ƙarshe yana faɗin sunan mai laifi da yadda aka gano shi. A ƙauye kuwa a kan binne mamaci a koma gida da tambayar.

Inda amsa ta ɓace, zargi ne yake zama a gurbinta. Kowa ya san da ɗan gari akan ci gari, kuma infoma gaskiya ne, akwai su. Sai dai kalmar nan ta zama wuƙa a bakin duk mai jin haushin wani. An sha jin wanda ya rasa ransa a hannun 'yan sa-kai ko taron jama'a ba tare da an tsayar da shi gaban alƙali ba. An sha jin rugar da aka afka wa saboda laifin wasu, 'ya'yanta suka shiga daji da niyyar ramuwa. Ta haka zato ɗaya yake haifar da gawa goma.

Fassara tsohuwar hanya ce a ƙasar Katsina

Wanda ya ce labarin wata ƙasa ba zai zauna a bakin Bahaushe ba, bai waiwayi tarihin adabinmu ba. An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta zama Hukumar Talifi a 1933 a Zariya, ƙarƙashin Rupert East. Gasar da ta shirya a wannan shekara ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Biyu daga cikin marubutan, Abubakar Imam da yayansa Bello Kagara, malamai ne a Katsina a lokacin.

Tun a wannan zubi na farko laifi yana ciki. Idon Matambayi labarin ɓarayi ne da dabarunsu. Jiki Magayi kuwa labarin ramuwar gayya ne da abin da take jawo wa mai ita.

Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, shi ne babban darasin mai fassara. Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa da mutanen Indiya, ya tuɓe musu tufafinsu ya sa musu riga da hula, har yaro a Ruma ta Batsari ya karanta ya ɗauka a bayan garinsu abin ya faru. Ahmadu Ingawa ma haka ya yi da wani jarumin tatsuniyar Rasha, ya mayar da shi Iliya Ɗan Maiƙarfi.

Shi kansa binciken laifi ba baƙo ba ne. A cikin Dare Dubu da Ɗaya akwai labarin gawar wata mata da aka tsamo a akwati daga kogin Dijla, Halifa Haruna Rashid ya ba wazirinsa Ja'afar kwana uku ya nemo wanda ya kashe ta. Duk almajirin da ya ji tafsirin Suratu Yusuf ya san yadda aka gane mai gaskiya ta hanyar duba ta inda riga ta yage. A ƙauyukanmu kuma akwai masu bin sawu, waɗanda kan dubi ƙasa su faɗi yawan shanun da aka kora da inda aka nufa da su. Wannan shi ne aikin Sherlock Holmes, tun kafin Arthur Conan Doyle ya ƙirƙiro shi a 1887.

Zamanin Chase

Duk wanda ya yi makarantar kwana a Arewa a shekarun 1970 da 1980 ya san James Hadley Chase. Littattafansa sun zagaye ɗakunan kwanan ɗalibai, bango ya yage, shafuka sun yi laushi, ana karɓa bi da bi, wani ma da tocila a ƙarƙashin bargo. Baturen Ingila ne, sunansa na yanka René Raymond, ya rubuta littattafai kimanin 90, akasarinsu a kan Amurka, ƙasar da bai zauna a cikinta ba.

Tare da shi akwai Agatha Christie, wadda ta fara a 1920 ta bar littattafan bincike 66, kuma tana sahun gaba cikin marubutan da aka fi fassara ayyukansu a duniya. A 1977 kamfanin Macmillan ya fito da jerin Pacesetters, inda 'yan Afirka suka rubuta labaran fasa-ƙwauri da kisa da cin amana. Mohammed Sule na Kano yana cikin waɗanda suka buɗe fagen.

Amma duk da Turanci ne. Manomi da ɗan tireda da matar aure da almajiri suna waje, sai dai idan ɗan boko ya dawo hutu ya ba su labarin da baki. Wannan ba da labari a dandali shi ne fassarar farko da Chase ya samu a ƙasar Hausa.

Katsinawa ne suka yi gaba wajen cike giɓin da alƙalaminsu. Gasar da Sashen Al'adu na Tarayya ya shirya ta fito da littattafai a 1982, cikinsu har da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya tona asirin 'yan fasa-ƙwauri da jami'an da suke ci tare da su. Akwai kuma Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, labarin Mailoma, wanda ya fito daga yaƙin basasa ya tara gungun miyagu da makamai. Wanda ya sake buɗe wannan littafi yau a Batsari zai ji tsigar jikinsa ta tashi, domin marubucin ya hango abin da bindiga kan zama idan ta fita daga hannun hukuma.

Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, soyayya ce ta cinye kasuwa. Duk da haka marubuta irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih sun riƙe masu son labari mai sarƙaƙiya da bugun zuciya.

Daga takarda zuwa memori

Yau shagunan hayar littafi sun ja baya, waya ta karɓe aikin. Marubuta, musamman mata, suna sakin labari kashi-kashi a WhatsApp da Facebook da Wattpad. Wasu suna karantawa da murya su ɗora a YouTube, abin da ya shigo da wanda bai iya karatun boko ba cikin da'ira. Kamfanonin fassarar fim na Kano, irin su Algaita, sun nuna cewa Bahaushe yana son labarin 'yan sanda da ɓarayi na wata ƙasa, muddin za a ba shi da harshensa.

Watannin da aka yi babu sabis a 2021 sun koyar da wani abu. Abin da yake kan intanet ya yi nisa, abin da yake cikin memori da kan takarda shi ya rage. Bluetooth da Xender ba sa neman sabis, littafi kuma ba ya neman caji. Duk mai son kafa zauren karatu a wannan yanki ya riƙe wannan darasi.

Sai dai fim da littafi ba ɗaya ba ne. Fim yana gudu, jarumi ya doki mutum ashirin, a tafa. Littafin bincike kuwa yana tilasta wa mai karatu ya dakata, ya koma baya, ya tambayi kansa ko abin da shaida ya faɗa a babi na uku ya dace da abin da ya faɗa a babi na tara. Wannan dakatawar ita ce ribar.

Inda mai fassara yake yin gumi

Juya irin waɗannan littattafai zuwa Hausa ba aikin ƙamus ba ne. Ɗauki Agatha Christie. Labaranta da dama sun ginu a kan attajirin da ya yi niyyar sauya wasiyya ya hana wani ɗansa gado, sai aka kashe shi kafin ya sa hannu. Mai karatu a Safana ya san wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji. Idan mai fassara bai share fage ba, dalilin kisan gaba ɗaya ba zai shiga kai ba.

Haka batun gawa. A can ana ajiye ta kwanaki, likita ya buɗe ya faɗi lokacin mutuwa da irin gubar. A nan gaggauta jana'iza ake yi, wanda ya rasu da safe kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Haka mutum goma sha biyun nan da ake zaɓowa daga cikin gari su yanke ko wanda ake tuhuma ya yi laifi, tsarin da kotunanmu ba sa aiki da shi. Ga kuma kullallen ɗaki a gidan da kowa yake da makullinsa, alhali gidanmu zaure ne da tsakar gida, baƙo ba ya wucewa ba a gan shi ba.

Sannan ga kunya. Chase cike yake da giya da mata da ashar. Mai fassara yana tsakanin amanar marubuci da mutuncin majalisar da za a karanta littafin, inda ƙila akwai ƙane da wa a zaune.

Hanya biyu ce a gabansa. Ko ya bar labarin a Landan ya yi wa mai karatu jagora, ko ya bi sawun Imam ya ɗauko shi ya dasa a Dutsin-Ma. Kowace da ribarta. Ta farko tana nuna yadda wasu al'ummomi suka tsara bincike da shari'a, har mai karatu ya fara tambayar me ya sa a nan ba a killace wurin da aka yi kisa, ba a ɗaukar zanen yatsu. Ta biyu kuma tana shiga zuciya kai tsaye. Zaure mai rai zai so ya ɗanɗana duka biyun ya yi gardama a kansu.

Masu ja da masu goyon baya

Akwai iyaye da malamai da suke ganin wannan wasa da wuta ne. A ganinsu, yaron da ya tashi cikin ƙarar harsashi ba ya bukatar littafin da zai koya masa yadda ake shirya fashi ko ɓatar da sawu. Damuwarsu tana da tushe. Littafin Chase na farko, No Orchids for Miss Blandish, wanda ya fito a 1939, labarin sace 'yar wani attajiri ne, aka karɓi fansa aka ƙi sakinta. Tun a 1944 George Orwell ya soki littafin da cewa yana ɗaukaka ƙarfi da mugunta. Karanta irin wannan a gaban wanda aka taɓa ɗaure 'yarsa a daji rashin tausayi ne.

Wasu kuma suna cewa lokacin da za a ɓata a kan ƙagaggen labari gara a ba karatun addini ko sana'a. Akwai ma masu ganin cewa labarin da kullum ɗan sanda yake yin nasara yaudara ce ga wanda ya kira ɗauki bai ga kowa ba sai da gari ya waye.

Masu goyon baya suna amsawa da cewa ba daga littafi ɓarayin daji suka koyi aikinsu ba. Rashin makaranta da rashin adalci da yawon makamai sun fi kusa da tushen abin. Suna kuma rarrabe iri biyu: labarin da yake bin ɗan ta'adda yana yi masa kirari, da labarin da yake bin mai bincike yana tattara hujja. Na biyun yana koyar da abin da fiƙihu ya riga ya shimfiɗa, cewa mai da'awa shi zai kawo shaida. Kusan kowane littafin bincike yana da mutumin da kowa ya zarga tun farko saboda kamanninsa ko asalinsa ko talaucinsa, daga ƙarshe a ga ba shi ba ne. Matashin da ya faɗa wannan rami sau ashirin a kan takarda zai yi jinkirin ɗaga sanda ranar da aka nuna wani a kasuwa aka ce infoma ne.

A nan nake tsaye. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, haka iyayenmu suka ce. Amma faɗar karin magana daban, horar da ƙwaƙwalwa a kanta daban.

Maƙwabta sun riga mu

Wasu al'ummomin Afirka sun daɗe da samun nasu masu binciken. A Zanzibar, Muhammed Said Abdulla ya ƙirƙiro Bwana Msa da Swahili tun 1960. A ƙasar Yarbawa, Oladejo Okediji da Kola Akinlade sun rubuta labaran bincike da harshensu. A Mali, Moussa Konaté ya yi suna da Kwamishina Habib, wanda yake bincike a tsakanin dokar gwamnati da al'adar gari.

Na baya-bayan nan akwai Lightseekers na Femi Kayode, wanda ya fito a 2021, yana bin diddigin yadda taron jama'a ya kashe ɗalibai, abin da ya yi kama da kisan Aluu na 2012 a Jihar Ribas. Irin waɗannan sun fi kusa da rayuwarmu fiye da gidajen attajiran Ingila, kuma su ya kamata masu fassara su fara nema, da izinin masu su.

Abin da zauren yake bukata

Ba gini ake nema ba. Tabarma ce, da fitila mai aiki da hasken rana, da mutum ɗaya mai daɗin karatu. A karanta babi ɗaya a mako da babbar murya, a tsaya kafin a kai ƙarshe, kowa ya faɗi wanda yake zargi da dalilinsa. Doka ɗaya ce ba za a karya ba: ba a kawo sunan wani ɗan gari cikin zancen. Mata su yi nasu a cikin gida ko a harabar Islamiyya bayan an tashi, domin su ne suka fi kowa karanta littattafan Hausa.

Masu taimako ba su yi nisa ba. Jami'ar Tarayya da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suna Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana Katsina, inda ɗaliban Hausa suke neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai. Fassara gajeren labari ɗaya na Sherlock Holmes, wanda haƙƙin mallakarsa ya riga ya faɗi, aiki ne da ɗalibi zai iya, kuma idan ya gama akwai masu jiran ji. A birnin Katsina, Pleasant Library and Book Club ta nuna cewa ana iya tara matasa a kan littafi. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun 2016, ta nuna yawan alƙaluman da suke ɓoye a cikin gidaje.

Kuma duk al'ummar da ta yi karatu da yawa, wata rana sai ta yi rubutu. Ƙasar Ruma, wadda aka san ta da jarumi Ɗanwaire, ba ta rasa labarin jarumta ba. Abin da ya rage shi ne labarin wani irin jarumi, mai haƙuri, wanda zai tsuguna ya dubi sawun babur a kan yashi, ya tambayi mai shayi da mai faci da matar da ta ga wucewarsu, ya ƙi kiran suna har sai hujja ta cika. Ƙila mai rubuta shi yana cikin samarin nan da suke gardama a rumfar caji, wanda ya lura da makullin da mai gadi ya ɓoye tun kowa bai lura ba. A sa masa littafi a hannu, da Hausa.